Ƙarar inji da asuba: fita (makanike) ya ce a sauke inji, ku ba ni shawara

Suraj_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Motata ce ke damuna, ita ce kuma abincina da na iyalina. Corolla ce ta 2010, inji 1.8, daga Amurka ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Tema, shekara biyu ke nan ina aikin taksin Bolt da ita a nan Kumasi. Tun da hunturun nan ya shigo, in na dawo daga sallar asuba na tayar da ita, sai inji ya yi wani "garrr-kaf-kaf" kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ba ya wuce daƙiƙa biyu sai ya yi shiru, ta ci gaba da aikinta lafiya lau har dare. In na kashe ta na shiga cin abinci na fito, ba ta yi. Sai ta kwana. Jiya na kai wa fitana, bai ma ji ƙarar da kunnensa ba don ta riga ta yi zafi, amma ya ce metal ne, wato ƙarafan da kiranshaf (sandar ƙasan inji) ke juyawa a kansu, a sauke inji tun bai buga ba. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da nake samu a wata biyu. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka.

Baba_Taksi_Asawase:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka bari a taɓa maka inji. Juye man da ke ciki ka zuba 20W-50, mai kauri. Shekara 25 ina tuƙin taksi a garin nan, duk motar da ta fara surutu da shi nake rufe mata baki. Wannan man mai kama da ruwa na ƙasar sanyi ne, ba na zafin Kumasi ba.

Rukaya_Sawaba:
Allah ya sawwaƙe. Ni dai abin da na sani, kada ka yarda da maganar fita ɗaya a kan abu mai tsada haka. Ka nemi na biyu.

Masta_Magazin:
Suraj, kafin kowa ya ba ka magani, amsa mini waɗannan. Ka ja gejin mai da safe kafin ka tayar, ina man ya tsaya? Fitilar mai ta kan dashbod, mai kama da buta, tana mutuwa nan take ko tana jinkiri? Yaushe ka yi juye na ƙarshe, wane mai aka zuba? Ƙarar kuma daga sama take fitowa, wajen murfin inji, ko daga ƙasa? Fitan da bai ji ƙara ba bai kamata ya ambaci sunan ciwo ba. Mu a nan Suame Magazin, unguwar makanikai, irin wannan motar cewa muke a bar mana ita ta kwana, da safe mu tsaya a kanta da bonet a buɗe wani ya tayar.

Suraj_Aboabo:
Masta na gode. Yanzu na fita na duba. Man yana tsakiyar ɗigo biyun nan, ya fi kusa da na ƙasa, kuma ya yi baƙi. Fitilar tana mutuwa kusan tare da ƙarar. Juye kuwa, ina yi duk 5,000 a mita, yanzu na ɗan wuce. Man da ake zuba mini gaskiya ban san lambarsa ba, yaron gareji ne ke sayowa. Ƙarar kamar daga gefen da bel yake, ta sama.

Injiniya_Fuseini:
Dakata, ɗan'uwa. Motar Amurka mitarta mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. 5,000 ɗin da kake gani kilomita 8,000 ne. Ga mai aikin Bolt da ke wuni a cunkoson Kejetia da Anloga Junction wannan ya yi yawa, domin inji yana aiki ko mota na tsaye, mita kuwa ba ta ƙirga tsayuwa. Ga ƙurar hunturu a kai.

Suraj_Aboabo:
Wallahi ban taɓa lura ba. Shekara biyu ina ɗauka kilomita ne.

Masta_Magazin:
To alhamdu lillahi, amsarka ta rage mini zato. Bari in yi bayani a tsanake, don mutane da yawa ana sauke musu inji a banza.

In mota ta kwana, man da ke sama duk yana gangarowa cikin kaskon ƙasan inji. Da ka tayar, famfon mai zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ya tura shi sama. Duk abin da ke aiki da ƙarfin mai, a wannan ɗan lokacin babu kowa a bayansa. A injinka, wanda ake kira 2ZR, akwai giya a bakin kamshaf, sandar saman inji mai buɗe bawul, ita ce ta VVT-i ɗin da ka gani rubuce a kan murfi. Cikinta akwai wani ɗan fil da ke kulle ta in babu mai. In fil ɗin ya ci, ko datti ya hana shi shiga raminsa, giyar sai ta yi ta kaɗawa har mai ya cika ta. Wannan kaɗawar ita ce tsakuwa a gwangwanin da ka ji. Daƙiƙa biyu, daga gefen bel inda sarƙar da ke juya giyar take, sai in ta kwana. Na canza wannan giya a Corolla da Matrix na 2009 da 2010 ban san iyaka ba.

Metal kuwa muryarsa daban ce. Daga ƙasa yake, mai nauyi, "dum-dum-dum" kamar ana buga ƙofar katako da dunƙulen hannu. In ka taka totur yana bin ka, in mota ta yi zafi mai ya tsinke sai ya ƙara fitowa. Ba ya jin kunyar rana.

Ban ce na tabbatar ba tunda ban ji ba. Amma in ni ne, ba zan kwance ko noti ɗaya a ƙasan injin nan ba tukuna.

Sadat_Nima:
Gaisuwa daga Ankara (Accra). Masta ya faɗi gaskiya amma kada a sa wa Suraj kwanciyar hankalin da ya wuce kima. Ni haka tawa ta fara, Hyundai ce. Ƙara kaɗan da safe, kowa ya ce ba komai. Wata huɗu ina tafiya da ita. Ranar da zan je Kasoa da iyali, daidai kan hanya fitilar mai ta kawo, kafin in samu wurin tsayawa inji ya buga. Da aka buɗe, ragar da famfo ke tsotso mai ta cikinta ta toshe da wani baƙin abu kamar kwalta. Metal ya narke ya kama kiranshaf. Sai da na sayi wani inji a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai. Metal in ya fara ci, shi ma da safe yake fara magana, kafin mai ya iso.

Masta_Magazin:
Sadat, maganarka haka take, ban musa ba. Shi ya sa na tambayi fitila. Kuma shi ya sa akwai awo. A cire abin da ke kunna fitilar mai a ɗaura geji a wurin, a ga ƙarfin man da sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Aikin rabin awa ne. Fitilar nan ba ta kawowa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, don haka rashin ganin ta ba shaidar lafiya ba ne. Geji ne shaida.

Baba_Taksi_Asawase:
Duk wannan dogon turanci ne. Na ce a zuba mai kauri. Ni Opel Astra na tuƙa, na tuƙa Nissan Primera, babu wadda ta ga wani mai in ba 20W-50 ba.

Injiniya_Fuseini:
Baba, da girmanka, motocin da ka ambata ba irin wannan ba ne. A zamaninsu shawararka daidai ce. Amma lambar farko, wadda ke gaban W, tana nuna yadda mai ke gudu ne lokacin da yake da sanyi. 5W ya fi 20W saurin isa sama da asuba. Matsalar Suraj kuwa ita ce mai ba ya isa sama da wuri. In ka ba shi mai kauri ka ƙara masa jinkiri. Hanyoyin man da ke zuwa giyar nan ƙanana ne ƙwarai, akwai ma wata 'yar raga a hanyar. Suraj, duba murfin da ake zuba mai, ko littafin motar in yana nan. Ta Amurka ta wannan shekarar 5W-20 ko 0W-20 aka rubuta mata. A ƙasashe masu zafi ana zuba wa injin nan 5W-30 ba matsala, kuma shi ya fi sauƙin samu a nan.

Baba_Taksi_Asawase:
To me ya sa in na zuba mai kauri ƙara take mutuwa?

Masta_Magazin:
Baba, domin yana cike gibin da ƙarfe ya ci. Ciwon yana nan, murya ce ta ragu. Tsohon injin da ya riga ya gaji, mai shi yana lallaɓawa ya kai ƙarshen shekara, ni ma nakan zuba masa. Amma masu sayar da mota ma sun san wannan dabarar. Shi ya sa nake ce wa duk mai sayen hom-yus, wato motar hannu da aka shigo da ita daga waje, ya je da sassafe, ya ɗora hannu a kan inji ya ji da sanyi kafin a tayar. In ka tarar an riga an ɗumama maka ita, ka tambayi dalili.

Hajiya_Alabar:
Wannan magana ta Masta ta taɓa ni. Haka aka yi wa maigidana. Mun je ganin mota da la'asar, tana ta aiki shiru kamar agogo. Kwana uku da biya, da safe sai ka ce injin niƙa. Mai motar ya daina ɗaukar waya. Mun bar shi da Allah.

Mumuni_Tafo:
Allah ya saka muku Hajiya. Suraj, ka duba filtar mai. Tawa Vitz ce, ta yi irin wannan ƙarar bayan an sa mini filta mai araha. Filta ta gaske tana da wata roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa in mota ta kwana. Ta jabu robar ba ta riƙewa, sai filtar ta wayi gari fanko. Na canza filta kawai, ƙara ta tafi.

Injiniya_Fuseini:
Mumuni, haka ne in filtar motarka irin ta gwangwani ce da ake murɗawa. Ta Corolla 2010 mai 1.8 ta takarda ce da ake sakawa cikin gida, ba ta da waccan robar. Amma ita ma in jabu ce takan lanƙwashe ta rage wa mai hanya, kuma in yaro ya sa zoben robar murfin ba a mazauninsa ba sai ta yi yoyo. Saboda haka shawararka ta canza filta tana nan daram.

Mumuni_Tafo:
Na ƙaru, Injiniya. Ban san sun bambanta ba.

Dan_Kano_a_Kumasi:
Ni abin da ya ba ni tsoro a zancen Suraj shi ne "yaron gareji ne ke sayowa". Malam, juyen mai ba a aike. Ka je gidan mai da ƙafarka, ka sayi galan a rufe, a ɓalle murfin a gabanka, ka tsaya har a zuba. Akwai masu tara tsofaffin galan su cika da man duro su liƙe. In an gama ka karɓi galan ɗinka ka huda shi. Injinka lita 4 da ɗan ɗori yake sha in an haɗa da filta, ka tabbatar an cika zuwa ɗigon sama, kada kuma a wuce.

Rukaya_Sawaba:
Tambaya don Allah, tunda masana suna nan. Tawa Picanto ce, ita ba da safe take yi ba. In ina hawan tudu da mutane a ciki sai in ji "ƙir-ƙir-ƙir" kamar ana kaɗa cokali a kofi. Ciwo ɗaya ne da na Suraj?

Injiniya_Fuseini:
A'a Hajiya Rukaya, naki daban. Wannan fetur ne ke fashewa a cikin silinda ba a kan ƙa'ida ba, lokacin da inji ke ɗauke da nauyi. Yakan zo daga fetur mara kyau, ko fulogi da ba nata ba, ko datti ya taru a kan fistin, ko inji na zafi fiye da kima. In giyar hannu ce, ki sauko giya ɗaya a tudu, kada ki bar ta tana nishi a babbar giya. Ki gwada cika tanki da mai lamba 95 maimakon 91 sau ɗaya ki ji ko ta daina. In ta daina kin san inda za a fara nema. Ki sa a duba ruwan lagireto ma.

Rukaya_Sawaba:
Giyar hannu ce, kuma gaskiya ina yawan barin ta a ta uku. Zan gwada. Allah ya ƙara sani.

Alhassan_Wayarin:
Ni mai aikin waya ne ba fita ba, amma ku bar ni in sa baki. Sau da yawa ana kawo mini mota a ce inji na ƙara da safe, ashe sitata ce. Haƙorinta ba ya komawa da wuri bayan inji ya kama, sai ya gurza daƙiƙa ɗaya. Ita ƙararta kamar niƙa ce, daga wajen giyabos. Wani kuma faifan ƙarfen da ke kare zafin salansa ne notinsa ya kwance. Amma tunda Suraj ya ce sai ta kwana, kuma ta gefen bel, na fi karkata ga maganar Masta. 

Masta_Magazin:
Alhassan ya kawo abu mai amfani. Suraj ga abin da za ka yi gobe, ba sai ka biya kowa ba. Samu dogon sukudireba. Buɗe bonet, ka dafa bakinsa a kan murfin inji ta gefen sarƙa, ka manna kunnenka a kan mariƙin, wani ya tayar. Ka kula da rigarka da hannunka, bel ba ya wasa. Jibi ka sake, amma ka dafa a ƙasa, jikin inji kusa da kaskon mai. Inda ƙarar ta fi shiga kunnenka nan ciwon yake. Ka ɗauka a waya ma ka turo mana.

In za a yi juyen, ka sa a tari tsohon man a roba mai tsabta, ka fita da shi rana ka karkata. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, metal na ci, ka ajiye motar. Ka buɗe ninkin tsohuwar filtar ma ka duba tsakaninsu.

Sadat_Nima:
Kada kuma ka yarda a zuba maka maganin wanke inji in dattin ya yi yawa. Yana ɓamɓaro shi gaba ɗaya ya tafi ya toshe ragar famfo. Gara a sauke kaskon a wanke da hannu.

Baba_Taksi_Asawase:
A nan kam na yarda da kai. Na ga wanda ya zuba kananzir wai yana wanke inji, bai kai Tech Junction ba.

Kawu_Issaka:
Ina karanta ku tun jiya. Ni na yi koyon aiki a Magazin tun ana ɗaure metal da hannu a ji da yatsa. Abin da zan ce wa Suraj, kada ka ɗauki fitanka maƙiyi. Wataƙila ya taɓa cewa "ba komai" inji ya buga a hannunsa aka zage shi, shi ya sa yake gudun abin. Ka koma ka ce masa cikin mutunci, Masta ina so motar ta kwana a wurinka mu ji tare. In ya ƙi, to sai ka nemi wani. Akwai kuma ƙarar da ba a ambata ba: fistin da ya yi sako-sako a silinda. Shi yakan yi minti biyu ko uku yana "kwal-kwal" har ƙarfe ya ɗumama ya buɗe. Da wannan mota takan yi shekaru. Amma na daƙiƙa biyu ba shi ba ne.

Suraj_Aboabo:
Salam jama'a, na dawo da labari. Na yi gwajin sukudireba kwana biyu, ƙanena ne ya tayar mini. A sama ƙarar kamar a cikin kunnena ake yin ta, a ƙasa kuwa da ƙyar na ji. Na sayi 5W-30 da filta da kaina na tsaya aka juye. Tsohon man baƙi ƙirin, da kauri, amma na kai shi rana kamar yadda Masta ya ce, ban ga ƙyalli ba. Yaron ya amsa cewa 20W-50 yake zuba mini tun bara. Na bi shawarar Kawu, motar ta kwana a gareji, fitan ya ji da kansa, ya ce lallai daga sama ne. Ba shi da gejin awon mai, ya ce zai aro. Yau kwana uku da juyen: ranar farko ba ta yi ba sam, jiya ta yi kaɗan, yau ma ta yi amma bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Mumuni_Tafo:
Alhamdu lillahi. Ka ga an tsira daga sauke inji.

Sadat_Nima:
Tukuna dai. A yi awon nan kafin a yi murna.

Baba_Taksi_Asawase:
To ai ga shi ba ta daina ba. Ni har yanzu ina kan bakana, sanyin hunturu ne, in ya wuce za ta yi shiru.

Masta_Magazin:
Baba, sanyi yana tona ciwo ne, ba shi ke kawo shi ba. Suraj, raguwar da ta yi ta nuna mai yana isa da wuri yanzu, amma fil ɗin giyar ya riga ya ci, mai ba zai mayar da ƙarfe ba. Wasu suna tafiya da ita haka shekara da shekaru. Ni ba na son haka ga motar da ke aiki kullum, domin duk kaɗawar nan sarƙa ce ke shan ta. In za ka canza, a duba abin da ke ɗaure sarƙar a lokaci guda tunda an riga an buɗe. Kuma wanda zai yi aikin ya san yadda ake saita alamomin sarƙa, in ya kuskure haƙori ɗaya motar ba za ta ƙara daɗi ba.

Injiniya_Fuseini:
Ni kuma da zan ba shi shawara ya ɗan jira. Ya yi tafiyar kilomita 3,000 da wannan man, ya sake juyewa, a wanke bawul ɗin da ke tura wa giyar mai da 'yar ragarsa. Shekara guda tana shan mai kauri, wataƙila datti ne ya riƙe fil ɗin ba ci ba. In bayan haka tana yi, sai a sayi giya.

Masta_Magazin:
Injiniya, na taɓa ganin wanda wankin ya yi masa, na ga waɗanda bai yi musu ba sun fi yawa. Amma ba shi da tsada, ba zan hana ba.

Dan_Kano_a_Kumasi:
In ta kai ga sayen giyar, sabuwa ko hom-yus? Don ta hom-yus ɗin ma daga irin wannan injin aka ciro ta, wa ya san ko da ciwonta ta zo.

Masta_Magazin:
Sabuwa in aljihu ya yarda. In ta hom-yus ce, a yi sharaɗi da mai shago cewa in ta yi ƙara da safe za a dawo masa da ita, kuma a yi sharaɗin a gaban shaida.

Suraj_Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Fitan ya kira ni yanzu, ya samo gejin, ya ce in kai ta ranar Asabar da yamma ta kwana, Lahadi da safe a auna da sanyi, mu zaga da ita ta yi zafi a sake aunawa. Masta, in na turo maka lambobin da gejin ya nuna za ka duba mini? Kuma 3,000 ɗin da Injiniya ya ce, nawa ke nan a mitata?

Injiniya_Fuseini:
Kusan 1,900 a mitarka. Rubuta lambar da take kai yau a takarda ka liƙa a cikin mota.

Masta_Magazin:
Turo, Suraj. Ka rubuto na sanyi da na zafi, kowanne a tsaye ba totur, sannan a taka zuwa 3,000 a agogon juyin inji a sake karantawa. Lambobi huɗu ke nan nake jira.